Zoben Roba

A Dakota ta Arewa, ƙarƙashin gonar alkamar Tollefson,
akwai rijiyar da ba a jan ruwa.
Can nake sauka ran Talata,
fitila a goshi, akwatin awo a kafaɗa.

Makamin da ke ciki, mai linzami,
ya girme ni da shekara tara.
Bai taɓa zama ba, bai taɓa tashi ba,
tsufa kawai yake, kamar kowa.

Yau zoben roba na ciro daga wuyansa.
Na murza: ya bushe,
ya yi tsaga siririya kamar gashin gira.
A takardarsa, sa hannu da shuɗin biro:
E. Brekke, saba'in da ɗaya.
Ban san shi ba. An ce ya rasu a gidan tsofaffi,
sunan 'yarsa ya ɓace masa,
lambar noti kuwa tana bakinsa.

Lorna ta leƙo daga sama:
"Zai yi ko ba zai yi ba?"
Masana'antar da ta ƙera zoben ta rufe,
katifu ake sayarwa a wurin yanzu.
Sai a aika Utah, a jira wata bakwai,
a gasa sabo, a daskarar, a girgiza,
a tsofar da shi da gangan
don a ji iyakar haƙurinsa.

Mai gyaran agogo yakan kasa kunne ya ji bugu,
bakanike yakan tada inji.
Ni ba ni da wannan gata.
Ranar da za a san na iya aikina
ba wanda zai saura ya ce sannu.

Na rubuta: a sauya.
Na sa hannu ƙarƙashin Brekke, R. Vasquez,
na ƙirga kayan aiki sau biyu,
don sufana ɗaya in ta faɗi a nan ba ƙaramar magana ba ce.

Na fito da yamma.
Tollefson na kan tarakta, ya ɗago hannu.
Agwagin daji na komawa arewa.
Na tuna ban sayo wa Nico madara ba.

A mota na yi addu'ar da Lorna ba ta sani ba:
sabon zoben ya tsufa a inda za a sa shi,
ya bushe, ya tsage,
wata da ba a haifa ba tukuna ta sauka ta ciro shi,
ta karanta sunana,
ta ce ba ta san ni ba.