Harafin Da Ba A Furtawa

A Whitby, ruwa na dukan taga.
Kaka Maureen ta ɗora yatsa a ƙamus,
kan kalmar shiru ta Turanci.

"Kalma ɗaya, Isla, aiki goma.
Da ita muke siffanta dare in teku ta kwanta,
da tsohon majigi, baki na motsi ba murya,
da harafin da ake rubutawa ba a furtawa,
irin na biyu a sunanki."

"To don me ake rubuta shi?"

Kaka ta dubi kujerar Hugh.
Hularsa na nan a rataye tun bara.
Mai sassaƙa dutsen kabari ya ƙirga harafi huɗu,
biyu ba su taɓa cewa uffan ba.
Ta biya kuɗinsu duka.