Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Shekara talatin da bakwai ina gyaran agogo
a Valparaíso, kan tudu mai matattakala ɗari da sha biyu,
inda iskar teku ke cin ƙarfe kamar gara.
A jikin ƙofata na rubuta da jan fenti:
Kada ka buɗe agogonka da wuƙa. Kawo shi.

Sai ciniki ya ja da baya.
Baƙi na wuce ni, idonsu a kan waya,
suna neman shagon da wayar ta sani.
Wayar ba ta san Eusebio ba.

Ximena Quilodrán, mai tsara shafukan intanet,
ta hawo tana haki, ta faɗi kuɗin aikinta.
Na ce, "Hayar wata biyu ke nan fa!"
Ta ce, "Haka ne." Ko peso ɗaya ba ta rage ba.
Na raka ta ƙofa, ina cewa a raina:
hannun da ke saita gashin agogo,
siririn nan da numfashi kan iya lanƙwasawa,
shi jera hoto da rubutu zai gagara?

Dare goma sha ɗaya na yi.
Shayi ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.
Na ja hoto hagu, adireshi ya zame ƙasa.
Na kamo adireshi, lambar waya ta ɓuya.
A kwamfuta shagon ya fito kamar ango,
a waya kuwa, rabin fuskata da kunne guda.
Maɓallin da na sa wa "Tuntuɓe ni",
kowa ya danna, sai ya faɗa rijiya.
Agogon mutum uku na jirana a kan teburi,
hannuwansu a tsaye, sun zuba min ido.

Araha ba ta ado. Na kira ta.

Kwana shida ta gama, tsaf, sai ƙyalli.
Amma hannuwan da ke hoton farko ba nawa ba ne,
na wani saurayi ne, sumul, ba tabo,
riƙe da agogon zinariya da bai taɓa taka unguwarmu ba.
Ta rubuta "ƙwarewa". Ta rubuta "inganci".
Na ce, "Yarinya, wannan shagon wane ne?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ina kyanwar da ke kwana a akwatin kayan aiki?
Ina babban yatsana da ya tsage tun ina yaron shago?"

Ta yi shiru. Ta buɗe jaka.
Ta ciro agogon mahaifinta a ƙunshe cikin hankici,
murfin duk zane, bakin wuƙa ya cinye gefensa.
Ta ce, "Bidiyo na kalla. Na ga kamar da sauƙi."

Muka yi ta dariya har kyanwa ta bar mana shagon.

Yanzu ranar Talata takan zo.
Ni ke faɗa, ita ke jerawa.
Na ce a rubuta ba na buɗewa kafin ƙarfe goma,
kuma matattakalar ba ta tausayin gwiwa.
Ta ce wannan zai kori mutane.
Na ce ya kori masu gaggawa.
Ta koya min sauya farashi da kaina,
sauran ta ce in cire hannu.
Na cire. Sau biyu kawai ta kama ni.

Agogon mahaifinta na tafiya,
sai dai yana baya da minti ɗaya duk mako.
Na ce zan ƙara dubawa. Ta ce in bar shi,
mai shi ma bai taɓa zuwa kan lokaci ba.

Jiya wata mata ta hawo daga Quilpué,
ta ce tsagaggen yatsan nan ta gani a waya.
Ta tsaya tana karanta jan fentin ƙofa,
hannu ɗaya a ɓoye a bayanta.
Na ce, "Shigo, baiwar Allah, nuna min.
Ni ma na riƙe wuƙar."