Ba Akawal Ba Ce

Ranar da muka kai ta asibitin dabbobi a Samaru,
yaron da ke cike kati ya ɗago kai sau ɗaya,
ya rubuta "baƙa", ya miƙo.
Kawu Barau ya riƙe katin a juye,
ya ce in karanta masa. Na karanta.
Ya ce, "Ƙarya ta farko ke nan, tun ba a taɓa ta ba."

Ba akawal ba ce.
Ba kuma bikili ba, ko da dillalai sun so haka.
Daga nesa dare ce sak.
Sai ka matso da fitila:
a leɓenta, da zoben idonta, da lungun cinya
akwai wani ja mai kunya,
irin na gindin tukunya inda wuta ta lasa ta bari,
irin na tsamiyar da ta shekara a rumbu.

Shekara tara ina yankar mata ciyawa a bakin Kubanni,
ina jiƙa dusa da kanwa, ina share barga.
Na ɗauka na san ta.

Sai wani daren Laraba, farkon damina,
tsawa ta sauka kan rimin bayan gida.
Da asuba, rami muka tarar a gurbin turke.

Kwana arba'in da uku.
Masunta suka ce sun ga baƙin abu yana shan ruwa a Galma.
Wata mai tallan nono ta rantse aljani ne mai geza.
Kawu ya daina cin tuwon dare.

A fadamar bayan Dakace na same ta,
geza ta cuɗe da ƙarangiya, haƙarƙari a waje,
amma wuya a miƙe kamar ba a taɓa sa mata linzami ba.
Na yi fiton da ta sani.
Ta dube ni irin kallon da ake wa mai bin bashi,
ta ci gaba da kiwonta.
Kwana uku ina zama da dawa a ƙoƙo,
sauro na cina, ina ba ta labarin gida,
kafin ta yarda ta shinshini hannuna.

A hanya wani ya tare mu,
wai akawal ɗinsa ce da ta ɓata bara.
Gaban mai unguwa Kawu bai yi musu ba.
Ya ce a kawo ruwa a buta.
Ya wanke taɓon bakinta da gefen rigarsa,
jan nan ya fito a hankali, kamar alfijir bayan Kufena.
Mutumin ya nemi takalmansa.

Yanzu tana turke. Tana cin harawa, tana karɓar sirdi,
yaran unguwa na shafa goshinta.
Katin yana cikin gwangwanin Kawu, har yau "baƙa" yake cewa.

Amma in iskar gabas ta taso da ƙamshin ruwa,
kunnuwanta kan miƙe su fuskanci Galma,
fatar cinyarta ta yi rawa,
daidai inda jan yake ɓuya.

Ni kuma, Allah ya yafe mini,
akwai daren da ba na ƙulle igiyar sosai.