Digiri Tamanin

Ƙarfe uku na dare a Yelwa,
ni da ma'aunin zafi muna kallon-kallo.
Gilashi shida na wanke tun la'asar,
da sabulu, da asid,
da ruwan da aka tace har ya manta rijiyarsu,
don maiƙon yatsa guda
ya isa ya hana baƙina sauka.

Baƙin nawa ido ba ya ganinsu.
Ƙwayoyin zarra ne, daga ruwan kwalba suke tasowa
su dafa fuskar gilashi
kamar mai laluben bango cikin duhu.
In suka tarar da sanyi,
inda kowa ya faɗi nan zai kwana,
wani kan wani, tsibi-tsibi,
in wayi gari da kaushi irin na bayan kada.
In zafi ya yi yawa kuma ba mai zama,
daga sallama sai ban kwana.
Tsakaninsu akwai wata 'yar ƙofa
inda ƙwaya ke samun ƙarfin yawo kaɗan,
ta gangara, ta nemi kafaɗar 'yar'uwarta,
ta cike sahu.

Ran Juma'a na yi wa Inna Kande wannan bayani
tana suyar masa a bakin Wunti.
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ɗiga ƙullu a tanda, ta kasa kunne.
"Wannan ne sai da aka biya kuɗin makaranta?
Tanda mai sanyi riƙe masa take,
mai zafi ta ƙona baya ta bar ciki ɗanye."
Ta janye itace ɗaya.
Nan lissafinta ya ƙare.

Ita mai take shafawa, ni mai nake gudu.
Ban faɗa ba, bakina a cike yake.

Yau a minti na arba'in aka ɗauke wuta.
Kafin Malam Iliya ya lallashi janareta
allura ta sauko sittin da biyu.
Na zauna ina jin kwalba tana hucewa a tafina.

Da asuba na tsamo gilashin.
Fata ce ruwan ɗorawa,
silin gashi ya ninka ta ɗari.
Na ɗaga ta ga fitila: ta dusashe,
minti goma sha ɗayan nan na kwance a jikinta,
ba ta yafe ko ɗaya ba.

Na rubuta mata lamba, na sa a akwati.
Akwai sauran gilashi biyar.
Yanzu haka Inna na can tana hura wuta.