Ƙaya a Rabin Ganga

Tsakar gidana a Porto ba ta da ƙasa.
Duwatsu aka jera, aka liƙe da siminti
tun kafin a haifi uwata.
Mai gidan haya ya ce, "Dona Ermelinda,
ko ɗaya kika ɗaga, ki haɗa kayanki."

Katangar kuwa iyakarta ƙugu.
Masu yawon buɗe ido su hawo matakala suna haki,
su tsaya daidai igiyar shanyata,
su ɗauki hoton zanin gadona,
da ni, da kifin da nake ɓare wa ɓawo.

Sai na sayo tsofaffin gangunan giya uku
a hayin kogi,
kafinta ya raba kowace biyu.
Na huda gindinsu, na zuba tsakuwa.
Ƙasa kuwa a buhu na hau da ita,
matakala saba'in da huɗu,
gwiwata ce ta ƙirga.

Dashen farko ya mutu a watan Agusta.
Daɓe ya sha rana, ya gasa saiwar ta ƙasa
kamar gurasa a tanderu.
Abílio, tsohon direban jirgin ƙasa, ya leƙo ta katanga:
"Ɗora su kan bulo, iska ta ratsa.
Ita ma ƙaya tana son lallashi."

Na ɗora.
Na ba su ruwan wankin shinkafa,
na ɗaure rassa da safar marigayi mijina,
hannuwana duk karce.
Shekara uku ke nan. Shingen ya fi ni tsawo,
jajayen 'ya'ya cunkus,
wata baƙar tsuntsuwa ta yi sheƙa a ta huɗu.
Masu hoto na wucewa, ba su san da mutum a ciki ba.

Sai dai ƙaya ba ta san fuska ba.
Jiya da safe na ji sandar Abílio, ƙwas, ƙwas,
ta rage sauri inda ya saba tsayawa,
ta yi jim,
sannan ta ci gaba.

Yau na ɗauko almakashi.
Tsakanin ta biyu da ta uku
na yanke taga mai faɗin faranti,
daidai tsayin hular mutumin da ya fara ranƙwafawa.
Tara saura kwata.
Na ɗora kofi a wuta, na fiddo kofuna biyu.