Tsamin Ƙasa a Durum

Shekarar da na fara watsa angire
a fegin da Baba ya bar mini bayan Durum,
buhu ɗaya ne, a amalanke na ɗauko shi
daga kasuwar Dole.
Fari fat, kamar dakakken gishiri,
yana narkewa a tafi in gumi ya taɓa shi.

Ruwa ya sauka daren Talata.
Kafin Juma'a uku kyasuwa ta kai mini ƙugu,
kore shar, har tana neman baƙi.
Gamba ta miƙe tana auna tsawo da ni.
Saniyata mai tabon goshi
ta cika ƙwarya biyu a tatsa guda,
Fassuma ta shiga aron ƙore a maƙwabta.
Masu wucewa kan tsaya a bakin shinge:
Mati, wane malami ya yi maka aiki?

Sai na ƙara.
Wanda ya lashi zuma
ba ya tambayar ina ƙudan ya kwana.
Buhu biyu. Buhu uku.

Gadagi na fara rasawa.
Ba ni na lura ba, tumaki ne,
suna bin gindin shinge da hanci
inda hannuna bai taɓa kai farin gari ba.
Doguwar ciyawa ta tare masa rana,
ya tafi bai yi sallama ba.

A damina ta bakwai, buhu uku ɗin nan dai,
ciyawa iya gwiwa, ganye rawaya-rawaya,
fegi ya yi sanƙo nan da can.
Na tuge guda: saiwa gajera, a dunƙule,
kamar yatsun da suka taɓa garwashi.

Barira, ɗiyar Tsahiru da ta karanci noma,
ta zo a babur da kwalba a jaka.
Ta dama ƙasata kamar mai dama fura,
ta tsoma ƴar siririyar takarda,
takarda ta fito kamar leɓen mai cin goro.
Kawu, ƙasarka ta yi tsami.
Na ɗiba na sa a harshe. Yashi ne kawai.
Ta yi dariya: ba harshenka za a tambaya ba,
harshen saiwa ne.
Abin da ciyawa ba ta ci ba, ruwa ya yi ƙasa da shi,
kuma ba ya tafiya hannu rabbana,
sai ya ja kanwar ƙasa sun nutse tare.
Kowane damin da ka kai birni ka sayar,
da ƙarfin fegin nan a ɗaure cikinsa.
Jigawa ce, Kawu, ba ta da ajiya.

Da magariba ina zaune bakin murhu
Fassuma na dafa yakuwa.
Ta ɗiga ruwan toka, kumfa ya taso,
ta lasa, ta ƙara ɗigo, ta lasa, ta rufe tukunya.
Shekara ashirin ina kallon hannun nan
ban san karatu yake ba ni ba.

Yanzu ni ne mai bin unguwa da buhu
ina roƙon tokar murhun mata,
yara na cewa Mati ya taɓu.
Na bar Jaɓɓo ya kwana da garkensa duk rani,
na biya shi da gero.
Angire rabin buhu, shi ma kashi biyu,
sai ƙasa ta jiƙa nake ba ta.
Gawon da ya tsiro tsakiya, na janye gatari.

Ba mai tsayawa bakin shinge bana.
Takardar Barira ba ta gama hucewa ba,
ta ce ciwon shekara bakwai
ba ya tashi a damina ɗaya.

Amma jiya, kusa da tsohon turke,
na ga gadagi kwance, bai fi tafin jariri ba.
Na kewaye shi da ƙaya.
Ko Fassuma ban faɗa wa ba tukuna.