Abin da Ke Tsakanin Tasha da Tasha

Shekara talatin Baba Sidiku yana gyaran rediyo
a rumfarsa ta Aboabo, bayan mai koko.
Abokin gabarsa ɗaya ne: shuuu ɗin nan
da ke zaune tsakanin tasha da tasha.
Yakan ce, ba a biyana sai na kashe shi.

Ni kuma, 'yarsa, shi nake karantawa a jami'a.

Can arewa, inda rana ke yaji wata biyu,
aka harba roka cikin daren ƙanƙara.
Ta ratsa koren hasken da ke lilo a sama,
ta miƙa hannuwa huɗu sirara, tana lalube,
tana ƙirga ƙwayoyin lantarki
da igiyoyin da ke kaɗa su.
Minti goma. Ta faɗo teku.
Abin da ta ji ya iso Kumasi cikin lambobi,
na yi damina biyu ina tsince su kamar shinkafa.

Ban taɓa ganin hasken ba.
Bizar ma ban nema ba.

Ya ce, Hamdiya, faɗa mini da Hausa.
Na ce, ka san mai bin trotro a Kejetia
motar tana tafiya?
In ya yi nawa, ta bar shi.
In gudunsu ya zo ɗaya, ta ɗauke shi.
Wanda ya ɗara ta kaɗan, shi ke tura ta.
Haka igiya da ƙwaya suke cinikin ƙarfi,
wadda ta samu ta gangaro a guje
ta bangaji iska, iska ta yi kore
kamar miyar kontomire.

Daren da aka ɗauke wuta
na mai da lambobin sauti, na sa masa a kunne.
Shuuu, sai fito, sai wani abu kamar tsuntsayen asuba.
Hannunsa ya tafi neman sukudireba da kansa.
Ya tsaya a hanya.

Shi ne nawa?
Ba shi ba ne, Baba. Dangi ne dai.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Sauro na kuka, janareton maƙwabta na tari.
Sannan ya jawo tsohuwar rediyon da ba a zo karɓa ba,
ya murɗa ta gajeren zango,
ya wuce Landan, ya wuce Kaduna,
ya tsaya inda babu kowa.